Ina Za Ka Ajiye Kayan Mutane? Lacca ga Matasa Masu Sha'awar Ba Shafukan Intanet Masauki

 

Masu girma iyayen ƙasa, malamanmu, iyayenmu maza da mata, ƙannena ɗalibai da kuka taso daga Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa, da ku masu masaukinmu mutanen Kanya Babba.

An nemi in yi magana a kan wata sana'a da matasanmu suka fara leƙawa. Bari in fara da iyayenmu, don kada mu bar su a baya. Duk shafin da kuka ga yaro ya buɗe a wayarsa, na makaranta ne ko na asibiti ko na jarida, akwai wata kwamfuta a wani wuri da ba a kashe ta dare da rana, a cikinta shafin yake zaune. Ita ake kira saba. Mai wannan sana'a shi ne wanda ya tanadi sabar, yake ba mutane hayar wuri a cikinta, suna biyansa duk wata ko duk shekara. 'Yan sana'ar hostin suke ce mata.

Ba abin mamaki ba ne yaron wannan yanki ya yi sha'awarta. Tun 2001, zamanin Gwamna Saminu Turaki, aka kafa cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure, wadda kowa ya fi sani da Informatics, a lokacin da yawancin jihohi ba su waiwayi harkar ba. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu, ga kuma jami'ar fasaha ta tarayya da aka ba Babura a 2021. Masu ilimin muna da su. Abin da ke damuna shi ne tambayar da suke fara yi.

Matashi zai zo ya ce, "Yallaɓai, wace ma'ajiya zan saya wadda za ta ɗauki shafi dubu goma?" In ka bincika, masu haya a wurinsa ba su kai ashirin ba. Buƙatu uku ne a kan ma'ajiyar mai hostin. Kada kayan mutane su salwanta. Kada shafinsu ya ɗauke. Sannan in kasuwa ta buɗe, wurin ya iya ƙaruwa ba tare da an rushe an sake gini ba. Kowace buƙata da irin kuɗinta da irin dabararta, kuma wanda ya biya ɗaya kada ya zaci ya biya sauran. Matasanmu daga ta uku suke farawa, domin ita ce mai daɗin hira. Ni kuwa roƙona shi ne ku fara daga ta farko, ku daɗe a kanta. Shafin da ya ɗauke na wuni guda, za a yi maka faɗa, ka ba da haƙuri, a wuce. Sakamakon jarrabawar 'ya'yan mutane na shekara uku in ya ɓace a hannunka, ba ka da bakin ba da haƙuri, kuma ka gama sana'a a garin nan.

Kowane faifan ajiya zai mutu, ranar ce kawai ba a sani ba. Saboda haka aka fito da dabarar da ake kira RAID, wato a haɗa faifai da yawa su yi aiki tare yadda in ɗaya ya mutu aikin ba zai tsaya ba. Mafi sauƙinta RAID 1: faifai biyu, duk abin da aka rubuta a wannan an rubuta a wancan. RAID 5 tana jure mutuwar faifai ɗaya, RAID 6 tana jure biyu, RAID 10 kuma ta fi su sauri amma rabin wurin da ka saya kaɗai za ka mora.

An taɓa kirana wani gari, wurin wani bawan Allah da ke riƙe da shafukan makarantu masu zaman kansu. Sabarsa tana wani ɗan ɗaki a bayan shagonsa. Da muka kwance murfinta, ƙurar hunturu ta danƙare a jikin fanka har ba ta iya juyawa, ƙarfen kuma ba ya taɓuwa don zafi. A gaban na'urar akwai fitilu huɗu, kowane faifai da tasa. Biyu suna kore, biyu sun yi ja. Na tambaye shi yaushe ta farko ta canja launi. Ya ce ai tun kafin azumi take haka, da ya ga komai na tafiya daidai sai bai ɗauke ta a bakin komai ba. RAID 5 yake amfani da ita. Faifai na farko ya mutu watanni da suka wuce, na'urar ta yi ta ɗingishi tana jiran a kawo mata sabo, ba a kawo ba, da asubahin ranar na biyu ya bi sahu. Na ce to ina kwafin ko-ta-kwana? Ya ce akwai, kullum da dare na'urar tana yi da kanta. A ina take ajiye shi? A cikin faifan nan guda huɗu. Duk tsawon maganar nan wayarsa tana kife a kan tebur tana ta ruri, shugaban wata makaranta ne ke nemansa, ranar ce aka ce wa iyaye su duba sakamako.

Mutumin nan ba malalaci ba ne, kuma bai yi rowar kuɗi ba. Abu biyu ne ba a gaya masa ba. Na farko, RAID lokaci kawai take saya maka, 'yan kwanakin da za ka canja faifan da ya mutu. Dole a saita na'urar ta turo maka saƙo a waya da zarar faifai ya fara ciwo, kuma sabon faifai yana ajiye a aljihun tebur tun kafin ranar, domin kafin a kawo maka shi daga Legas ko ƙetare mai aukuwa ta auku. Ko bayan ka sa sabon, ba ka tsira ba tukuna. Faifai mai terabait 8, in ana cika shi da gudun megabait 150 a daƙiƙa, sai ya ci kusan awa 15, kuma a cikin awannin nan ne ake matsa wa sauran faifan lamba fiye da kullum. In rana ɗaya aka saye su, daga kwali ɗaya, shekarunsu ɗaya, gajiyarsu ɗaya. Shi ya sa ba na ba kowa shawarar RAID 5 a kan manyan faifai. In kuma na hannu za ka saya, faifai yana ajiye lissafin awannin da ya yi yana aiki, akwai manhajar da ke karanto shi. Ka duba kafin ka biya.

Na biyu, kuma shi ne babba: RAID ba kwafin ko-ta-kwana ba ce. In hannunka ya kuskure ka goge fayil, nan take za ta goge shi a duk faifan. In 'yan damfara suka turo manhajar nan mai garkuwa da bayanai don neman kuɗin fansa, duk faifan za ta kulle lokaci guda. Rumbu biyu a gida ɗaya, in gara ta ci ɗaya ka tsira da ɗaya, amma in gobara ce tare za su tafi.

Kada ku ɗauka ƙananan 'yan kasuwa irinmu kaɗai abin ke samu. A daren 10 ga Maris 2021, gobara ta tashi a cibiyar kamfanin OVH da ke Strasbourg a Faransa, kamfanin da yake cikin manyan masu hostin a Turai. Gini guda ya ƙone ƙurmus, wani sashe na maƙwabcinsa ma ya tafi, miliyoyin shafuka suka ɗauke. Akwai masu haya da suka biya kuɗin kwafin ko-ta-kwana, sai daga baya suka gane a harabar nan ɗaya aka ajiye musu kwafin. Wasu sun kai ƙara, kotu ta ba su gaskiya, amma hukuncin kotu bai dawo da fayil ko ɗaya ba. A Satumbar 2025 kuma, batirin litiyam ya kama da wuta a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke birnin Dejon. Ma'ajiyar da ma'aikatan gwamnati ke zuba takardun aikinsu, terabait 858, ta ƙone, kuma ba ta da kwafi a ko'ina. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Ku masu haɗa sola, ku riƙe wannan: ɗakin batir daban, ɗakin na'ura daban.

Ƙa'idar da masu sana'ar suka daɗe a kai ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gari. Zan ƙara muku da cewa ɗaya ya kasance wanda sabarka ba ta da ikon goge shi, domin duk wanda ya sace kalmar sirrinka kwafin zai fara nema. Kuma kada ka ajiye na daren jiya kaɗai. Ɓarna takan yi mako biyu ba a lura da ita ba, saboda haka kana buƙatar na makon jiya da na watan jiya.

Ko wannan ma bai isa ba sai ka gwada. A ranar 31 ga Janairu 2017, wani ma'aikacin kamfanin GitLab yana aikin dare, a zatonsa yana kan saba ta biyu, ashe a kan ta ainihi yake, ya goge kundin bayanan kamfanin. Hanyoyi biyar suka tanada don irin wannan rana. Da aka zo dubawa, babu wadda ke aiki yadda aka zata. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan, kuma aikin mutane na awa shidan ya tafi ke nan. Ƙwararru ne fa, amma ba wanda aka ɗora wa alhakin gwadawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wata, ka zaɓi shafin mai haya guda, ka dawo da shi daga kwafi a kan wata na'ura daban, ka buɗe shi, ka shiga, ka duba hotuna sun fito, ka duba agogo ka rubuta tsawon lokacin da ya ɗauka.

Maganar agogon nan tana da muhimmanci a wurinmu. A ce kayanka gigabait 500 ne, kwafin yana Jamus, layinka kuma megabit 10 ne a daƙiƙa. Ku buga lissafin: kwana huɗu da rabi kana saukewa, in sabis bai yanke ba ko sau ɗaya. In terabait 2 ne, ya haura kwana 18. Wasu manyan kamfanonin ma sai ka biya kuɗin fitar da kayanka, kusan santi 9 na dala a kan kowane gigabait. Wanda bai yi wannan lissafi tun farko ba, a ranar tashin hankali zai yi shi.

To, mu zo ga buƙata ta biyu, kada shafi ya ɗauke. Za ku ga masu talla suna rubuta kashi 99.9 cikin ɗari. Ma'anarsa a shekara guda shafin bai wuce awa 9 a kashe ba. In aka ce 99.99, minti 53 ke nan a shekara. Yanzu ku tuna Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya samu matsala, arewa ta yi fiye da mako guda a duhu. Ku tuna zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, alhali ana son ɗakin saba ya tsaya tsakanin 18 da 27. Sanyaya ɗakin kaɗai zai iya cin wutar da ta kai ta na'urar. Ka haɗa kuɗin janareta da man dizal da batir da inbata da layin intanet biyu na kamfanoni daban-daban, sannan ka tambayi kanka wa zai tashi ƙarfe biyun dare in abu ya tsaya.

Zan faɗa muku gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba: kada ku ajiye sabar masu haya a Kanya Babba, ko Babura, ko Kazaure. Ku zauna a nan, ku yi kasuwancin a nan, masu hayarku su san ƙofar gidanku, wannan shi ne jarin da babban kamfani ba shi da shi. Amma na'urar ta zauna inda aka gina domin ta. Akwai irin waɗannan cibiyoyi a Legas, kamar Rack Centre da ta MainOne wadda kamfanin Equinix ya saya a 2022, akwai a Abuja, kuma a farkon 2023 an buɗe ta Galaxy Backbone a Kano. Ko ka kai na'urarka a ba ka wuri da wuta da sanyi da layi, ko ka kama hayar yanki a cikin tasu. Mai farawa, haya ta fi masa. Abin da ya dace ya zauna a ɗakinka na nan gida shi ne kwafi na uku, a faifan da kake cirewa ka kulle.

A gida ko a ƙetare? Kowanne da ciwonsa. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka kasa aiki. Shafin da yake zaune a cikin ƙasa, cibiyarsa kuma tana haɗe da mahaɗar IXPN, wadda ke da reshe a Kano, ba sai ya ƙetare teku kafin ya iso wayar mutumin Roni ba. Ga kuma dala. A watan Mayun 2023 tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya karɓi kuɗin shekara da naira, yake biyan hayar wata-wata da dala, ya sha wuya a lokacin. A ɗaya ɓangaren kuma, kamfanonin ƙetare sukan fi araha da yawan zaɓi. Ra'ayina shi ne sabar da ke aiki ta zauna a wuri ɗaya, kwafinta a ɗaya wurin, kuma kada su zama a hannun kamfani guda.

Wasu za su ce, to me zai hana in sa saba biyu, in ɗaya ta faɗi ɗaya ta ɗauka? Ana yi, amma akwai tarko. In layin da ke tsakaninsu ya yanke, kowacce sai ta zaci 'yar'uwarta ta mutu, ta ci gaba da karɓar rubutu ita kaɗai. Da layi ya dawo sai ka tarar da kundi biyu masu saɓani, wannan ya ce ɗalibi ya biya kuɗin makaranta, wancan ya ce bai biya ba. Shi ya sa ake sa na'ura ta uku ta zama mai raba gardama, ɓangaren da ya fi rinjaye shi ke ci gaba da aiki. Nisa ma yana da haraji. Haske a cikin wayar faiba yana cin kilomita 200 ne a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Tsakanin Kano da Legas, zuwa da dawowa, aƙalla kashi goma cikin dubu na daƙiƙa ke nan, a kan kowane rubutu guda, in ka ce sai ɗaya ɓangaren ya amsa kafin a wuce. Saboda haka na'urorin da ke aiki kafaɗa da kafaɗa a gini ɗaya ake ajiye su, na nesa kuma a bar shi ya riƙa biyowa a baya.

Sai maganar ƙaruwa, wadda kuka fi so, kuma ba zan daɗe a kanta ba. Abin da ke fara ƙarewa mai hostin ba wuri ba ne, sauri ne. Kusan huɗu cikin kowane shafi goma a duniya da manhajar WordPress aka gina su, kuma buɗe shafi guda yana nufin karanto ɗimbin ƙananan fayiloli da yi wa kundin bayanai tambayoyi barkatai. Faifai mai juyawa bai fi ya amsa buƙata ɗari a daƙiƙa ba in a warwatse suke, SSD kuwa, wadda ba ta juyawa, dubun-dubata take amsawa. Ranar fitar da sakamako ko ranar buɗe rajistar ɗalibai, a nan bambancin ke fitowa. Saboda haka shafuka da kundin bayanai a kan SSD, manyan faifai masu juyawa kuma a bar wa kwafi. In hotuna da bidiyo suka yi yawa, a kwashe su zuwa irin ma'ajiyar da Amazon ya fito da ita a 2006 mai suna S3, ko makamantanta, inda kake biyan iya abin da ka zuba. Kowane mai haya ka yanka masa iyaka, kada ka sayar da "ba iyaka" alhali faifanka yana da iyaka. Da ma'ajiya ta kai kashi 70 cikin ɗari, fara shirin ƙari.

Na san a cikinku akwai waɗanda suka karanta labarin Ceph, manhajar da ke haɗa na'urori da yawa su zama ma'ajiya guda, wadda cibiyar binciken CERN ta Turai ke amfani da ita. Aba ce mai kyau. Amma tana son na'ura uku a ƙalla, da layi mai gudun gigabit 10 a tsakaninsu, kuma bisa al'ada kwafi uku take yi wa komai, wato ka sayi terabait 30 ka mori 10. Sama da duka, tana son mutumin da ya san cikinta, domin ranar da ta rikice ba a koyonta a tsaye. Ku koye ta a kan tsofaffin kwamfutoci a makaranta, ku ɓata ku gyara. Kada ku ɗora kayan mutane a kanta sai kun kai inda saba ɗaya mai kyau ta gaza muku, kuma yawancinku za ku yi shekaru kafin ku kai nan.

Duk abin da na faɗa yana da kuɗi, kuma kuɗin nan dole ya fito a farashinka. Wanda ya karya farashi don ya ƙwace kasuwa, daga kwafin ko-ta-kwana yake fara ragewa, domin shi ne mai haya ba ya gani. Ka rubuta yarjejeniya da Hausar da mai makaranta ko mai asibiti zai gane: sau nawa ake ɗaukar kwafi, a ina yake, aikin awa nawa zai iya salwanta in an yi rashin sa'a, awa nawa za ka ɗauka kafin ka dawo da shafin, kuma in ya so barinka ta yaya zai karɓi kayansa. Ku sani kuma tun Yunin 2023 ƙasar nan tana da dokar kare bayanan jama'a, sunayen ɗalibai da takardun marasa lafiya suna ƙarƙashinta. Kwafin da za ka tura wani wuri, ka kulle shi da mabuɗin sirri kafin ya bar hannunka.

Abu na ƙarshe, kuma ina so iyayenmu su ji shi. Yawancin waɗannan ƙananan kamfanoni, kalmomin sirrinsu duka suna cikin kan mutum ɗaya. In ya kwanta rashin lafiya, ko ya tafi aikin Hajji, ko Allah Ya yi masa rasuwa, hayar saba za ta ƙare, kamfanin da ya ba shi haya ya jira 'yan kwanaki ya goge komai, kuma ba wanda ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ka samu amintacce guda da ya san aikin, ka koya masa yadda ake dawo da shafi, ya yi a gabanka. Ka rubuta sunayen kamfanonin da kake haya a wurinsu da ranakun biya da mabuɗan kwafi a takarda, ka rufe a ambulan, ka ba wanda za ka iya ba wasiyyarka, kuma duk lokacin da ka canja kalmar sirri ka canja takardar.